Gida Ɗaya a Cikin Badala: Daga Farantin Talla Zuwa Ɗakin JAMB

Mu malamai ne mata a cikin birnin Kano, wasunmu a sakandaren 'yan mata, wasu a ajin matan aure na yamma. Labarin nan na wani gida ne da ba shi da nisa da kasuwar Kurmi, wanda muka sani tun daga kaka har jika. Da izininsu muke ba da shi, bisa sharaɗin a sakaya suna, don haka za mu kira su yadda ake kiran su a tsakar gida: Hajiya Babba, 'yarta Umma, sai jikokinta biyu, Auta da yayanta.

Hajiya Babba ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma ta riƙe cewa an kai ta ɗaki shekara guda bayan naɗin Sarki Ado Bayero, wanda aka yi a 1963, kuma azumi biyu kacal ta taɓa kaiwa ƙarshe kafin nan. Ta shafe wajen shekara shida da faranti a ka. Mahaifiyarta tana cikin kulle, ko zaure ba ta leƙawa da rana, amma ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta suna kaiwa har bakin kasuwa, da ƙafar 'yarta. Yarinyar ce ke zuwa awon gyaɗa. Uwa ta soya a kasko, a murje, a sheƙe, a daka har ta yi laushi, sannan a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa a turmi har mai ya tsatso. A matse, tunkuzar da ta rage a mulmula a soya cikin man nata. In ruwa ya yi yawa mai ya ƙi fita, in wuta ta yi yawa ƙuli ya yi ɗaci ya yi kwantai. Lissafin masu sana'ar shi ne mai ya mayar da uwar kuɗi, ƙuli ya zama riba. Ribar kuwa ba ta shiga tukunyar gidan, tunda ci da sha na maigida ne. Adashi take tafiya duk Juma'a. Ranar kwasa dillaliya ta kawo kwalla da langa da tasa da fanteka, a tura ƙarƙashin gado.

Wanda bai leƙa ƙarƙashin gadon nan ba, zai yi ta cewa jahilci ne kawai ya hana mutanen da sa 'ya mace a boko. Tsoron lalacewar tarbiyya yana nan, ba mu musa ba. Amma akwai lissafi ma. Ranar jere matan dangin miji za su shigo su ƙirga kwanuka da ido, kuma abin da suka gani shi za a yi ta yi wa amarya gori da shi ko a girmama ta, shekara da shekaru. Kayan ɗakin nata ne halak malak, in aure ya mutu da su take fita, in ta shiga matsi su take sayarwa ta yi jari. Yarinyar da ta tafi aji da safe ta bar farantin safe, wato ta rage wa ɗakinta kwalla. A wajen tallar ne kuma samari ke ganin ta, kuɗin zance da toshi su ma su bi hanyar adashin. Shi ya sa da mai unguwa ya zo rubuta yara da sunan En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, mahaifiyar Hajiya ta aiko daga ciki da tambaya ɗaya: "In ta tafi makaranta, En'e ce za ta yi mata kayan ɗaki?"

Ƙanin Hajiya aka rubuta, shi ma ba da son ran gidan ba, ya zama akawu daga baya, ya yi fansho. Wanta ya bi mahaifinsu rumfa a Kurmi bayan ya yi sauka. Makarantun mata suna nan a lokacin, irin su Shekara da Dala da kwalejin horon malamai mata, kuma Malam Aminu Kano yana ta faɗa a bainar jama'a cewa a ilimantar da mata. Sai dai a lungunsu Hajiya ba ta taɓa ganin mace ta fita aiki da safe ta dawo da albashi ba. In ka tambaye ta me ta so ta zama tana yarinya, dariya take yi. Burinta jere har rufin ɗaki, da zuwa Makka ta dawo da haƙorin zinare, kuma duka biyun ta samu. Haihuwar fari a gida ta yi, Allah ya raba lafiya. Ƙawarta da aka kai ɗaki wata ɗaya da ita ta kwana uku tana naƙuda, ƙugu bai gama buɗewa ba, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ta tashi da yoyon fitsari, mijin ya sallame ta. Hajiya ba ta manta wannan ba, kuma shi ne dalilin da ya sa ko a kwanakin da take faɗa da boko ba ta yarda a aurar da jikokinta da ƙananan shekaru ba.

Umma ta faɗo daidai kan UPE, shirin firamare kyauta na 1976. Ba takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. Ta kamo, aka rubuta ta. Sulhun da aka yi a gidan shi ne talla ba ta tsaya ba, lokacinta aka sauya: koko da ƙosai kafin a buga ƙararrawa, dafaffiyar gyaɗa bayan azahar, makarantar allo da la'asar. Da haka ta ci jarrabawar shiga sakandare, aka tura ta ta kwana. Mahaifinta ya yarda ne don a iya tunaninta ba a nemi ko kwabo a hannunsa ba, abinci da littafi har sabulu makaranta ke bayarwa. Ita ce ta farko a gidan da ta iya faɗin sunan aikin da take so, malamar asibiti, saboda ta raka wata gwaggonta asibitin Murtala ta ga Bahaushiya cikin fararen kaya tana ba da umarni ana bi. A shekarun ne jihar ta buɗe makarantun kimiyya, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na maza a 1977, ta mata a Taura bayan 'yan shekaru, kafin Taura ta koma Jigawa a 1991. Hanya dai ta buɗe.

Tana aji uku manemi ya fito, ma'aikacin masaƙa mai albashi da Vespa. A zaure, gaban baffanninta, ya ce zai bar ta ta ci gaba da karatu, aka shafa fatiha. Mun ji wannan jimla daga bakin ɗaruruwan ɗalibanmu na ajin matan aure, kuma yawancin mazan da suka faɗe ta ba ƙarya suka yi niyya ba. Matsalar ita ce jimlar ba ta da ƙafa. Ba wanda ya tambaya wace makaranta, alhali ta kwana ba ta ajiye matar aure. Ba wanda ya ce wa zai biya, ko wa zai riƙe jariri, ko yaushe za a koma. Aka ce sai ta gama amarci. Kafin amarci ya ƙare ga laulayi. Bayan arba'in uwar miji ta ce a bari a yaye, ana yaye wani cikin ya shiga. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, kaya suka yi tsada, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rage ma'aikata a shekarun da suka biyo baya, har abin ya iso kan maigidanta. Daga ranar da albashi ya tsaya, maganar makaranta ta zama abin da ko ita kanta take jin nauyin tayarwa.

Ta koma aji tana da 'ya'ya huɗu, a ɗaya daga cibiyoyin mata na Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Ta zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ta ci Hausa da addini da wasu biyu, Turanci ya kayar da ita. Kimiyya kuwa ba ta ko yi rajistarta ba, don ba a koyon Chemistry da karatun dare a kan tabarma ba tare da an taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Nan maganar aikin asibiti ta tsaya. Abin da ta fita da shi shi ne iya rubuta bashi a littafi, kuma da shi ta gina sana'arta: ta karɓo atamfa da leshi a Kantin Kwari, ta bayar a gidajen biki da suna a biya kashi-kashi, ta haɗa da zoɓo da ƙanƙara in an samu wuta. Ta kuma yi rantsuwa 'yarta ba za ta ɗauki faranti ba, ta cika.

Sai dai a lura da abin da ya sauya da wanda bai sauya ba. 'Yan matanta biyu manya sun gama sakandare, aka aurar da kowacce kafin sakamako ya fito. Iyakar ta matsa daga shekara goma sha uku zuwa sha takwas, kuma yanzu manemi da kansa yana tambaya ko yarinya ta gama. Kayan ɗaki kuwa ba su ragu ba, kumbura suka yi. Inda da kwalla ce da gadon ƙarfe, yanzu saitin gado ne da sif da madubi, kujeru, labule, kafet, firji, tukunyar gas, kayan kicin, ga gara a kai. Uba yana ɗaukar katako in yana da hali, sauran duk a wuyan uwa da 'yan'uwanta. Tunda talla ta fita daga lissafi, adashin Umma kaɗai ya rage, kuma daga wannan adashin ake cire kuɗin rajistar jarrabawa da na mota da na littafi. Kwasa ɗaya ce a shekara mai kauri. Ko ta tafi wajen kafinta, ko ta tafi makaranta. A gidaje da yawa da muka sani, a nan ake yanke makomar yarinya, ba tare da kowa ya ɗaga murya ya ce ya hana ta karatu ba.

Auta ta tashi a zamanin da doka ke gefenta. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma tilas a 2019, ta sa hannu a dokar kare yara a 2023, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma a dubi yininta. Asuba shara da wanke-wanken daren jiya da ɗora ruwan wankan ƙanana na gidan, 'ya'yan yayyenta da ake kawowa riƙo. Makaranta har bayan azahar. Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba, da hadda da za a bayar gobe. Tuwon dare. Sai bayan isha take buɗe littafin boko, da fitilar waya, ido na rufewa. Yayanta da ya girme ta da shekara huɗu bai taɓa wanke kwanon da ya ci abinci ba, ranar da ya gwada ma Hajiya ce ta kore shi: "Tashi angona, kada a ce na bar ka ka zama ɗan daudu." Wannan bambancin awa biyu zuwa uku ne a kullum, kuma a takardar Lissafi yake fitowa.

Sai mota. Makarantarta hawa biyu ce a adaidaita sahu, zuwa biyu dawowa biyu, hawa ashirin a mako, sama da 250 a zango ɗaya. Namiji zai taka, ko ya ɗare bayan keken aboki, ko ya roƙi mai mota a titi. Budurwa in ta yi haka, kafin ta iso gida labari ya riga ta. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin hawa ya tashi, a rajistar ajinmu muka fara ganin yaran da ke zuwa Litinin da Laraba da Alhamis kawai. Motocin ɗaukar ɗalibai mata na gwamnati suna rage wannan sosai a layin da suke bi. Ga kuma kwana uku ko huɗu na al'ada duk wata. In babu audugar mata, ko banɗakin makaranta ba ruwa ba ƙofa, yarinya ba za ta ce komai ba, za ta ce ciwon kai take yi ta zauna a gida. A tara wannan a shekara, ya kusa wata guda na darasi. Tallafin shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata, wanda Kano na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, ya yi tasiri a inda ya isa saboda dalili ɗaya a ganinmu: kuɗin yana sauka a gefen uwa, inda ake yin wancan lissafin.

Mararraba ta farko ita ce ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. Auta ta ci jarrabawar shiga kwalejin kimiyya ta mata, wadda ta kwana ce a wajen gari. Shekarar 2021 ce, an sace ɗalibai a Kagara da Jangeɓe a watan Fabrairu, Kano ma ta rufe wasu makarantun kwana na ɗan lokaci. Mahaifinta ya ce ba inda za ta, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ta zauna a ajin kimiyya na makarantar jeka-ka-dawo, inda ɗalibai suka fi kayan gwaji yawa nesa ba kusa ba. Mararraba ta biyu jarrabawar tantancewa ce ta aji biyu na babbar sakandare, wadda a Kano ita ke nuna wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Yarinyar da ta faɗi, sai gida ya biya, kuma a nan ne sau da yawa ake cewa to ai ga manemi nan. Namiji in ya faɗi akan ci bashi a biya masa. Auta ta tsallake.

A JAMB ta yi tuntuɓe, kuma yadda ta yi shi ya cancanci a faɗa dalla-dalla, don kowace shekara sai mun ga irinsa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Ana tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a samu lambar sirri ta buɗe rajista, kuma layin da aka tura da shi ya zama nata har ƙarshe, ta nan saƙonni ke zuwa. Auta ba ta da waya, don a gidansu budurwa ba ta riƙe waya sai ta gama makaranta, alhali yayanta yana da ita tun yana aji biyu. Da layin wata ƙawarta ta yi, ƙawar ta yi aure ta bar gari da layin. Na biyu, sunanta a NIN da sunan mahaifi yake, a takardar makaranta kuma da sunan kaka, gyaran ya ci makonni da kuɗi. Na uku lalle. An yi bikin 'yar baffanta kwana kaɗan kafin jarrabawa, ta sha ƙunshi har kan yatsu, na'ura ta yi ta ƙin karɓar zanen yatsanta a ƙofa, hukumar kuwa ta sha yin gargaɗi a kan haka. Da ƙyar ta shiga, hankali a tashe. Na huɗu, ranar ce karo na biyu a rayuwarta da ta zauna gaban kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Wadda ke neman inda za ta danna ta riga ta yi asarar kwata. Ba a fafe gora ranar tafiya: layi nata na kanta, suna iri ɗaya a NIN da takardar makaranta tun tana aji ɗaya na babbar sakandare, hannu ba lalle tun daga rajista har jarrabawa, da zama gaban kwamfuta ko sau goma ne kafin ranar. Shekarar da ta biyo baya ta yi duk wannan, makinta ya haura sosai.

Likita take so ta zama. Aka zauna lissafi a ɗakin Umma, mu ma an kira ɗayarmu. Likitanci shekara shida ne a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, in ba yajin aiki, alhali na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Gurbin kuma kaɗan ne, ana son kiredit biyar masu kyau, Turanci da Lissafi da Physics da Chemistry da Biology. Digirin jinya shekara biyar ne, kwalejin jinya ko ungozoma ba ta kai haka ba, NCE shekara uku. Hajiya Babba ta ƙirga da yatsu ta ce, "Kishiya, so kike ki tsufa a gabanmu? Sa'o'inki na goye da na biyu." Auta ta ce, "Hajiya, ke da kika ce ba namijin da zai duba ki a asibiti, wa zai duba ki in duk mun yi aure a aji uku?" Aka yi dariya, amma kwalejin jinya aka cike mata. Mun lura 'yan mata da yawa ba a hana su karatu yanzu, gajarta musu shi ake yi, a zaɓa musu wanda zai ƙare kafin shekara ashirin da biyu, wanda kuma ake ganin ya dace da mace: koyarwa, jinya, ungozoma. Wadda ta ce injiniya ko safiyo, tambayar farko da za ta ji ita ce wa zai bar matarsa ta hau gini.

Kuɗin rajistar JAMB ta biyu da wayar da aka saya mata, yayanta ne ya biya, kuma nasa labarin ba a cika ba da shi ba don ana ganin namiji ba ya da matsala. Yaro ne mai hannun zane, taswirar gida yake so ya koya. Yana shekara goma sha biyar aka fara ce masa "kai ne babba, ka ga halin da Baba ke ciki." Ya fara zuwa Kwari ranar Asabar, sai ya ƙara da bayan an tashi, sai ya zama makarantar ce yake leƙawa. Ba wanda ya bi sawu, don yaro namiji ba a tambayar inda ya yini muddin ya shigo da leda a hannu. Ya zauna NECO bai samu Turanci da Lissafi ba, bai sake ba. Aikin yaron shago shi ne buɗewa da kakkaɓa, sauke dila, kai kaya tasha, bin bashi, a ba shi kuɗin abinci da na mota, abin da zai tara kuwa daga kayi-nayi ne, ya kawo mai saye ya ɗora 'yar riba. Alkawarin sallama da jari yana nan, amma kamar alkawarin karatun Umma, ba rana ba adadi ba shaida a rubuce. Wasu iyayen gida suna cikawa har su ƙara da aure, wasu sai yaro ya shekara goma sannan a nemo masa laifi. Abokansa na unguwa, mai gyaran waya a Farm Centre, mai jan adaidaita yana kai balas kullum, da biyu da ƙwaya ta ɗauke.

A gabansa akwai sadaki, da lefe na akwatuna da zannuwa da takalma da jakunkuna, da hayar shekara, da kayan gaisuwar iyaye. Da irin samunsa ba zai haɗa wannan ba sai ya doshi talatin. Ranar da ya haɗa kuwa, ba sa'arsa zai nema ba, 'yar shekara sha takwas zai nema wadda ta gama sakandare bana, ya zauna a zauren gidansu ya ce zai bar ta ta ci gaba da karatu. Tazarar shekara goma sha biyu tsakanin miji da mata ba daga sama take faɗowa ba, tsadar aure a kan saurayi da gaggawar aure a kan budurwa ne suke haifar da ita tare, kuma ita ke sa maganarsa ta zama ta ƙarshe a gidan. Ko yanzu, tunda shi ya sayi wayar, yana ganin yana da ikon duba ta, kuma shi ya fi kowa tsananta wa Auta a kan dawowa bayan magariba.

Manemi ya fito wa Auta tana zangon farko a kwaleji, malamin makaranta ne, mutumin kirki a iya binciken da aka yi. Wannan karon Umma ba ta bar maganar a zaure kaɗai ba. Mace ba ta zama wajen sa rana, don haka ta kira baffan yarinyar, wanda shi ne waliyyi, ta ce, "Yaya, ni aka yi wa alkawarin nan ina ji ina gani ya narke. A rubuta." Abin da aka rubuta, da sa hannun waliyyan ɓangare biyu, ya ƙunshi sunan makarantar da shekarar gamawa, wanda zai biya rajista kowace shekara da wanda zai ɗauki kuɗin mota, unguwar da za a kama haya don kada ta wuce hawa ɗaya zuwa makaranta, da cewa in haihuwa ta zo za a rubuta takardar jingine karatu a hukumance, ba a ɓace kawai ba, domin wadda ta ɓace ba takarda korarriya ce, wadda ta jingine tana da gurbinta. Jariri a wajen Umma zai yini. Biki sai a dogon hutu, bayan gwajin lafiya da dokar jihar ta 2024 ta wajabta kafin aure. Umma ta kuma rage kayan ɗaki da kanta, ta ce kujeru da firji sa biyo baya, kwasar bana ta rajista ce. 'Yan'uwanta mata sun yi ta magana, har yau wata ba ta huce ba.

Abu ɗaya ne ba a daidaita ba, aikin dare. Manemin ya ce ya yarda da komai ban da matarsa ta kwana a waje. An yi masa bayani cewa ɗalibar jinya ba ta zaɓar lokacin aiki, ana juya ta ne safe da yamma da dare a ɗakunan marasa lafiya da ɗakin haihuwa, akwai littafin da ake sa mata hannu a kowane zagaye, in bai cika ba ba za ta zauna jarrabawar samun lasisi ba. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da mahaifiyarsa. Baffa ya ce ba matsala, amma ba za a sa rana ba sai amsar ta zo, kuma a rubuce.